SHARHI: Damisar ƙanƙara, sufayen Buddha da kuɗin baƙi: Wa ke cin moriyar yawon buɗe ido a tsaunukan Himalaya?

Duk shekara daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri a yankin Ladakh da ke arewacin Indiya, baƙi daga Turai da Amurka da manyan biranen Indiya kan biya dubban daloli domin su zauna a gefen wani dutse, su zuba wa wani dutsen ido. Abin da suke jira shi ne damisar ƙanƙara, dabbar da ake yi wa laƙabi da fatalwar tsaunuka saboda wuyar ganinta. Wani zai yi mako guda bai gan ta ba. Wani kuma zai hango ta na minti biyar ta cikin madubin hangen nesa, ya koma gida yana murna.

Shekara 30 da suka wuce, mutanen ƙauyukan da ke saukar da waɗannan baƙi ba su ɗauki damisar a bakin komai ba face ɓarauniyar awaki da tumaki. A yau 'ya'yansu ne ke tashi tun asuba su hau dutse su nemo ta, ana biyansu. A hanyar zuwa da dawowa kuma ana kai baƙin gidajen ibadar addinin Buddha da aka gina a kan duwatsu tun ɗaruruwan shekaru, ta yadda kallon namun daji da kallon al'ada suka zama haja ɗaya.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin misalin nasara, kuma akwai nasarar a ciki. Sai dai abin da ya faru a birnin Leh ranar 24 ga Satumban 2025, inda mutum huɗu suka mutu a zanga-zangar neman 'yancin cin gashin kai, ya nuna cewa mazauna yankin na da wata tambaya da hotunan baƙi ba sa amsawa: wa ke da iko da ƙasar, da ruwanta, da kuɗin da ke shigowa da sunanta?

Wurin da dabbar

Ladakh hamada ce mai sanyi a bayan tsaunukan Himalaya, tsakanin Pakistan da China. Babban birninta, Leh, yana kan tudun da ya kai kimanin mita 3,500 daga matakin teku. Tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, wato Chappal Waddi da ke jihar Taraba, bai wuce mita 2,419 ba. Ruwan saman da ke sauka a Leh a shekara kusan milimita 100 ne, kusa da abin da Agadas ke samu. Noma da sha sun dogara ne ga ƙanƙarar da ke narkewa daga kan duwatsu.

Ƙidayar 2011 ta nuna mutanen yankin sun kai kimanin 274,000. Gundumar Leh akasarinta mabiya addinin Buddha ne, gundumar Kargil kuma akasarinta Musulmi ne 'yan Shi'a, kuma idan aka haɗa duka biyun Musulmi sun ɗan fi yawa.

Damisar ƙanƙara, wadda mutanen Ladakh ke kira shan, tana rayuwa a ƙasashe 12, daga Afghanistan da Pakistan da Indiya da Nepal da Bhutan har zuwa China da Mongoliya da Rasha. Ƙasashen sun rattaba hannu kan yarjejeniyar kare ta a birnin Bishkek ranar 23 ga Oktoban 2013, kuma wannan rana ce ta zama ranar damisar ƙanƙara ta duniya. A 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sauko da ita daga jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa zuwa na waɗanda ke fuskantar barazana, matakin da wasu masana suka ce an yi gaggawar ɗauka.

A Janairun 2024 Indiya ta fitar da sakamakon ƙidayarta ta farko, bayan aikin da aka yi daga 2019 zuwa 2023 da kyamarorin da aka girke a wurare kusan 2,000. An ƙiyasta damisa 718 a faɗin ƙasar, 477 daga cikinsu a Ladakh. Bhutan ta ƙirga 134 a bincikenta na 2022 zuwa 2023, daga 96 a 2016. Nepal ta sanar da 397 a 2025.

Gandun dajin Hemis, wanda aka kafa a 1981 kuma ya kai faɗin murabba'in kilomita 4,400, yana cikin wuraren da damisar ta fi yawa a duniya. Ya samo sunansa ne daga gidan ibadar Hemis, mafi girma a Ladakh.

Yadda ɓarauniya ta zama jari

Matsalar makiyayin tsauni da damisa mai sauƙin fahimta ce. Garken ƙauye katangar dutse ce gajera marar rufi. Idan damisa ta dira ciki da dare, dabbobi suka firgita ba su da mafita, tana iya kashe gommai kafin gari ya waye, duk da cewa ɗaya za ta ci. Ga iyalin da dukiyarsu ba ta wuce awaki 30 ba, dare ɗaya ya isa ya mayar da su matalauta.

Wani rahoto da ƙungiyar TRAFFIC mai sa ido kan fataucin namun daji ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa ana kashe damisar ƙanƙara 221 zuwa 450 duk shekara, kuma fiye da rabin kisan ramuwar gayya ce ta makiyaya.

Abubuwa uku ne suka sauya lissafin a Ladakh da maƙwabciyarta Spiti. Na farko shi ne gyaran garke: a ɗaga katanga, a sa ƙofa mai ƙarfi, a rufe sama da ragar waya. Aiki ne mai araha, amma yana toshe babbar hanyar asara. Na biyu shi ne inshorar dabbobi da ƙauye ke gudanarwa da kansa, inda kowane gida ke zuba ɗan kuɗi a kan kowace dabba, ƙungiyoyin kare daji su ƙara nasu, kwamitin ƙauye kuma ya tantance asara ya biya. An fara irin wannan a ƙauyen Kibber na Spiti a 2002.

Na uku shi ne saukar da baƙi a gidajen mutane. Ƙungiyar Snow Leopard Conservancy India Trust, ƙarƙashin marigayi Rinchen Wangchuk, ta fara shirin a farkon shekarun 2000 a ƙauyuka irin su Rumbak da ke cikin gandun Hemis. Gidaje kan karɓi baƙi bi da bi domin kada mutum ɗaya ya kwashe, mata ne akasari ke riƙe da kuɗin, kuma ana ware kashi 10 cikin 100 na abin da aka samu a zuba a asusun ƙauye.

Lokacin ma ya taimaka. Da hunturu ne tumakin dawa da awakin dutse ke saukowa ƙasa neman ciyawa, damisa na biye da su, kuma lokacin ne take barbara, tana yawan kuka da yawo. A da, watannin nan matattu ne ga ƙauyawa, babu noma babu baƙo. Yanzu su ne watannin da mai hango damisa da direba da mai dafa abinci da mai ɗaukar kaya ke samun kuɗin da ya fi na rani auki.

Sai dai ribar ba ta kai ko'ina ba. Ƙauyukan da aka san ana ganin damisa a cikinsu, kamar Rumbak da Ulley da Kibber, kaɗan ne. Damisa kuwa ba ta san iyakar ƙauye ba. Tana iya cin akuya a kwarin da babu baƙon da ya taɓa takawa, washegari a ɗauki hotonta a kwarin da ke cike da masauki. Babban kason kuɗin da baƙo ya biya kuma yakan tsaya ne a hannun kamfanin da ya shirya tafiyar a Delhi ko a Landan, da jirgin sama da otal ɗin birni. Ga makiyayin kwarin farko, lamarin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma fargabar cunkoso. Damisa kan zauna kwanaki a kusa da abin da ta kashe, kuma da zarar labari ya bazu ta wayar salula, motoci kan taru a wurin. Idan aka matsa mata ta gudu ta bar naman, sai ta sake yin wani kisan, wanda sau da yawa dabbar wani ce.

Ina addini ya shigo?

Kamfanonin yawon buɗe ido na son cewa addinin Buddha ne ya kare namun dajin Himalaya, tun da ya hana ɗaukar rai. Akwai gaskiya a ciki, kuma an auna ta. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Conservation Biology ya duba gidajen ibada 336 a yankin Sanjiangyuan na tudun Tibet, ya gano cewa kashi 46 cikin 100 suna cikin mazaunin damisar ƙanƙara, kashi 90 kuma ba su fi kilomita biyar daga gare shi ba. Sufaye kan zagaya duwatsun da ake ɗauka masu tsarki suna hana farauta, a wuraren da jami'in gwamnati ba ya kaiwa.

Tasirin malamai ya fito fili a Janairun 2006, lokacin da Dalai Lama ya yi kira ga mutanen Tibet a wani taron ibada a Amaravati da ke kudancin Indiya da su daina ado da fatun namun daji. Cikin makonni aka riƙa tara riguna masu fatun damisa ana ƙonawa a garuruwan Tibet, duk da tsadarsu.

Amma tarihin bai kai yadda tallar ke nunawa tsafta ba. Makiyayan Ladakh mabiya Buddha sun daɗe suna gina wani rami mai katangar dutse da ake kira shangdong. Ana sa dabba a ciki, kyarkeci ya dira ya kasa fita, a taru a jefe shi har ya mutu. A 2018 aka fara wani shiri a ƙauyen Chushul tare da ƙungiyar Nature Conservation Foundation da wani babban malamin yankin, inda aka cire wasu duwatsun ramin domin dabbar da ta faɗa ta iya fita, sannan aka gina 'yar hasumiyar ibada a gefensa. An bar ramin a tsaye a matsayin tarihi, aka sauya masa ma'ana.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, aƙida kan sa mutum ya ƙara haƙuri da dabba, amma haƙurin kan ƙare idan asara ta yi yawa babu mai ramawa. Kuma kare dabbar bai tsaya ga addini ɗaya ba. A Baltistan da ke Pakistan, inda mazauna Musulmi ne, Shafqat Hussain ya fara inshorar dabbobi saboda damisar ƙanƙara tun ƙarshen shekarun 1990, kafin Kibber. A Drass da ke gundumar Kargil, ƙauyukan Musulmi sun fara karɓar baƙin da ke zuwa kallon beyar mai ruwan ƙasa, dabbar da ta saba fasa musu rumbu.

Su ma gidajen ibadar sun sauya da zuwan baƙi. Kuɗin shiga na taimakawa wajen gyaran gine-gine da zane-zanen bango da ciyar da ɗalibai. A ɗaya gefen, wasu gidajen sun mayar da bukukuwansu na shekara daga hunturu zuwa lokacin da baƙi ke zuwa. A bikin Hemis da ake yi tsakanin Yuni da Yuli domin tunawa da Guru Padmasambhava, wanda ake dangantawa da kai addinin Tibet a ƙarni na 8, rawar da sufaye ke yi sanye da fuskokin katako ibada ce a wurin 'yan ƙasa, amma sau da yawa masu kyamara ne ke cike wuraren zama na gaba.

Fim ɗin da ya buɗe ƙofa

Masu kallon damisa 'yan tsiraru ne idan aka kwatanta da taron da ke zuwa da rani. Lokacin da Indiya ta buɗe Ladakh ga baƙi a 1974, mutum 527 ne suka je. A 2022 da 2023 adadin ya haura 500,000 a kowace shekara, kusan ninki biyu na mazauna yankin, kuma mafi yawansu Indiyawa ne da ke zuwa cikin watanni huɗu ko biyar.

Masu kallon finafinan Indiya za su tuna da 3 Idiots na Aamir Khan da ya fito a 2009. An ɗauki ƙarshen fim ɗin ne a bakin tafkin Pangong, mai tudun sama da mita 4,200 a kan iyakar China. Bayan fitowarsa tafkin ya zama wurin da kowa ke son ɗaukar hoto, aka cika gefensa da tantuna da shagunan abinci. Buɗe ramin Atal a hanyar Manali a Oktoban 2020 ya ƙara sauƙaƙa zuwa da mota, ana kuma ci gaba da haƙa ramin Zojila da zai haɗa yankin da Kashmir a duk tsawon shekara.

Inda aka fi jin nauyin taron shi ne ruwa. Gidan gargajiya na Ladakh na amfani da masai busasshe: ana zuba ƙasa maimakon ruwa, daga baya a kwashe a kai gona a matsayin taki. Baƙo kuwa yana son bayan gida mai ja da ruwan wanka mai zafi. Ɗaruruwan otal da masaukai a Leh sun haƙa rijiyoyin burtsatse, ƙazantar da ke fita daga cikinsu kuma tana komawa ƙasa kusa da ruwan da ake sha. A 2020 aka rufe tsaunin Stok Kangri ga masu hawa, bayan da mutanen ƙauyen Stok suka koka cewa sansanonin baƙi na gurɓata rafin da suke sha.

Sharar abinci daga otal-otal da sansanonin soja ta haifar da wata matsalar: karnukan da ba su da masu su. Suna yawo garke-garke suna cin ƙwai da 'ya'yan gauraka mai baƙin wuya, tsuntsun da Ladakh ta ayyana a matsayin alamarta a 2021 tare da damisar ƙanƙara, suna kuma korar damisa daga kan namanta. Dokar Indiya ta fi karkata ga yi musu dandaƙa da rigakafi, mutane da yawa kuma ba sa son a kashe su saboda addini, don haka yawansu na tafiya da sauri fiye da maganin.

Bhutan: tsada da gangan

Masarautar Bhutan, mai mutane ƙasa da 800,000 a gabashin Himalaya, ita ma a 1974 ta buɗe ƙofarta, amma ta bi wata hanya daban: baƙi kaɗan, kuɗi mai yawa. Shekaru da dama ana tilasta wa baƙo ya kashe aƙalla dala 200 zuwa 250 a rana ta hannun kamfanin cikin gida, gwamnati na ɗaukar dala 65 daga ciki. Da aka sake buɗe ƙasar bayan annobar korona a Satumban 2022, sai aka mayar da harajin gwamnati kaɗai dala 200 a kowane dare. Baƙi suka ja baya. Bayan shekara guda aka rage shi zuwa dala 100, har zuwa Agustan 2027. Indiyawa, waɗanda su ne mafi yawan baƙin, suna biyan rupi 1,200.

Alƙaluman sun nuna tsadar wannan zaɓi. A 2019 baƙi fiye da 315,000 ne suka shiga ƙasar. A 2023 ba su wuce kimanin 103,000 ba, a 2024 kuma kimanin 145,000. Gwamnati na cewa harajin na tallafa wa ilimi da kiwon lafiya kyauta da kare daji. Masu ƙananan otal da masu rakiyar baƙi kuwa na kukan ɗakuna babu kowa.

A fannin muhalli, abin da Bhutan ta rubuta a doka ya yi nisa. Kundin tsarin mulkinta na 2008 ya wajabta cewa aƙalla kashi 60 cikin 100 na ƙasar ya kasance daji har abada, kuma a yanzu dajin ya kai kusan kashi 70. Tun 1994 ta hana hawa duk tsaunin da ya haura mita 6,000 saboda ana ɗaukar su mazaunin alloli, shi ya sa Gangkhar Puensum mai mita 7,570 ya kasance tsauni mafi tsawo a duniya da ba a taɓa hawa ƙololuwarsa ba. Ƙasar ta yafe kuɗin da maƙwabciyarta Nepal ke samu daga mahaya tsaunuka.

Kwarin Phobjikha ya fi ko'ina nuna yadda ake haɗa ibada da tsuntsu da baƙo. Ɗaruruwan gauraki masu baƙin wuya kan taso daga Tibet su yi hunturu a can daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Mutanen kwarin sun yi imani cewa tsuntsayen kan zagaya gidan ibadar Gangtey sau uku idan sun iso da kuma idan za su tafi. Da aka zo kai wutar lantarki, sai aka binne wayoyin a ƙasa domin kada tsuntsayen su riƙa karo da su. Tun 1998 ake yin bikin gauraka a harabar gidan ibadar duk ranar 11 ga Nuwamba, inda 'yan makaranta ke rawa suna kwaikwayon tsuntsun.

Duk da haka kyan daji bai riƙe matasa ba. Dubun-dubatar 'yan Bhutan, ciki har da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, sun yi ƙaura musamman zuwa Ostireliya, lamarin da Firaminista Tshering Tobgay ya bayyana a matsayin barazana ga ɗorewar ƙasar. A Disamban 2023 Sarki Jigme Khesar Namgyel Wangchuck ya sanar da shirin gina sabon birnin kasuwanci a Gelephu, kan iyakar Indiya, domin jawo jari da dawo da waɗanda suka tafi. Haka kuma takardun talla ba sa ambaton mutane kusan 100,000 masu jin yaren Nepal da suka bar kudancin ƙasar a farkon shekarun 1990, suka shafe shekaru a sansanonin gudun hijira a Nepal.

Tambayar da ta kai ga zubar da jini

Bambancin Bhutan da Ladakh a fili yake. Bhutan ƙasa ce, tana iya sa haraji, ta rage, ta hana. Ladakh ba ta da wannan ikon.

A Agustan 2019 gwamnatin Narendra Modi ta soke matsayi na musamman na jihar Jammu da Kashmir, ta cire Ladakh ta mayar da ita yankin da Delhi ke mulka kai-tsaye, ba tare da majalisar dokoki ba. Da farko an yi murna a Leh, domin mabiya Buddha sun daɗe suna neman rabuwa da Kashmir. Ba a jima ba suka lura cewa kariyar da ke hana baƙi sayen ƙasa da karɓe ayyukan gwamnati ta tafi tare da tsohon tsarin.

Wannan ne ya haɗa kan shugabannin Leh da na Kargil, waɗanda a da ba sa ga maciji. Suna neman a ba yankin matsayin jiha, a kuma sa shi cikin jadawali na shida na kundin tsarin mulki, wanda ke bai wa majalisun ƙabilu a jihohin Assam da Meghalaya da Tripura da Mizoram ikon yin dokoki kan ƙasa da daji da al'ada. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Ladakh na cikin ƙabilun da tsarin mulki ya amince da su.

Fitaccen mai wannan fafutuka shi ne Sonam Wangchuk, injiniyan da ake yawan cewa daga rayuwarsa aka samo wani ɓangare na jarumin 3 Idiots, kuma wanda ya yi suna da dabarar daskarar da ruwan hunturu ya zama tulin ƙanƙara mai siffar hasumiya domin ban-ruwa da bazara. Ya yi yajin cin abinci na kwana 21 a Maris ɗin 2024. A Yunin 2025 gwamnati ta ware wa 'yan yankin kashi 85 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma ba ta taɓa batun ƙasa da majalisa ba. Ya sake shiga yajin a Satumba. Ranar 24 ga watan matasa suka ƙona ofishin jam'iyyar BJP a Leh, jami'an tsaro suka buɗe wuta, mutum huɗu suka mutu. Bayan kwana biyu aka kama shi ƙarƙashin dokar tsaron ƙasa aka kai shi gidan yarin Jodhpur. Gwamnati ta zarge shi da tunzura jama'a, shi kuma ya musanta.

Delhi na da nata lissafin. Ladakh na kan iyakoki biyu masu zafi, kuma a Yunin 2020 sojojin Indiya 20 suka mutu a arangama da na China a kwarin Galwan. Gwamnati na son hanyoyi da sansanoni, tana kuma shirin kafa katafariyar tashar lantarki mai amfani da rana da iska a filayen Changthang. Filayen nan su ne makiyayar Changpa, masu kiwon awakin da ake samun gashin pashmina daga jikinsu, kuma nan ne gauraka ke yin sheƙa.

Ga mai ƙaramin masauki a Leh ko Rumbak, batun ba na nesa ba ne. Idan manyan kamfanonin otal daga waje suka samu damar mallakar fili, tsarin karɓar baƙi bi da bi ba zai iya gogayya da su ba. Idan kuwa ribar ta bar hannun ƙauyawa, dalilin da ya sa suka daina ramuwa a kan damisa ya raunana.

Shekarar 2025 ta kuma nuna raunin sana'ar. Harin Pahalgam na 22 ga Afrilu da ya kashe mutum 26 a Kashmir, da faɗan Indiya da Pakistan da ya biyo baya a Mayu, sun sa an rufe filin jirgin Leh na wasu kwanaki, baƙi suka soke tafiye-tafiye duk da nisan da ke tsakanin wuraren biyu. Dokar hana fita ta Satumba ta ƙarasa abin da ya rage na kakar.

Ƙanƙarar da kowa ya dogara da ita

A ƙarƙashin duk wannan akwai matsalar da ba ta jiran sulhun siyasa. Cibiyar nazarin tsaunuka ta ICIMOD da ke Kathmandu ta ba da rahoto a 2023 cewa tarin ƙanƙarar Hindu Kush da Himalaya ya narke da saurin da ya ƙaru da kashi 65 cikin 100 tsakanin 2011 da 2020 idan aka kwatanta da shekaru goman da suka gabata, kuma zai iya rasa har kashi 80 na girmansa kafin 2100 idan aka ci gaba a haka. Mutum miliyan 240 ne ke zaune a tsaunukan, wasu biliyan 1.65 kuma na dogara da kogunan da ke gangarowa daga can.

An riga an ga alamu. A Agustan 2010 ruwan sama mai ƙarfi ya haddasa ambaliyar da ta kashe fiye da mutum 200 a Leh da kewaye, a yankin da aka saba gina gidaje da tubalin laka saboda ƙarancin ruwa. A Oktoban 2023 tafkin South Lhonak da ke Sikkim ya ɓalle ya rushe madatsar ruwan Teesta ta uku. A Mustang ta Nepal, wani yankin mabiya Buddha da aka buɗe wa baƙi a 1992, mutanen ƙauyen Samdzong sun tashi sun koma wani wuri bayan rafinsu ya ƙafe.

Ga damisa, ɗumamar yanayi na nufin makiyaya za su ƙara hawa sama da dabbobinsu zuwa inda tumakin dawa ke kiwo, haɗuwar da ke kawo asara ta ƙaru.

Abin da za a sa wa ido

Abubuwa uku ne za su nuna inda aka dosa. Na farko shi ne ko Delhi za ta ba Ladakh kariyar doka a kan mallakar ƙasa, ko da ba ta kai ga matsayin jiha ba. Na biyu shi ne matakin da Bhutan za ta ɗauka idan rangwamen dala 100 ya ƙare a Agustan 2027, domin zai nuna ko tsarin tsada da gangan zai iya ciyar da masu sana'ar ko kuwa baitulmali kaɗai yake amfana. Na uku shi ne ko hukumomin daji za su ƙayyade yawan mutane da tazarar da za su tsaya a wurin kallon damisa, su kuma sami hanyar kai wani kaso na kuɗin ga ƙauyukan da ke asarar dabbobi ba tare da ganin baƙo ba.

Abin da aka koya cikin shekara 20 a Rumbak da Kibber da Phobjikha shi ne, dabba kan tsira a inda mutumin da ke kwana kusa da ita yake da garke mai rufi, da wanda zai biya shi idan ya yi asara, da kuma baki a cikin shawarar abin da za a yi da kwarinsa. An yi nisa a na farko da na biyu. Na ukun ne aka zubar da jini a kansa a Leh, kuma shi ne zai fi wuyar samu.